Rundunar Dako da Ta Bi Hanyar Alhazai ta Sama

Idan ana ba da labarin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila, an fi ambaton waɗanda suka riƙe bindiga. Ni kuwa ina so in ja hankalin mai karatu ga wata runduna da aikinta dako ne kawai, wato rundunar jigilar jiragen sama ta sojan Amurka mai suna Air Transport Command, ko ATC a taƙaice. Dalilin da ya sa na zaɓe ta shi ne, wani babban yanki na tarihinta ta saman kawunanmu ya bi.

Tushen labarin ya riga rundunar haihuwa. A watan Yuni na 1940 Italiya ta shiga yaƙi, Faransa ta faɗi hannun Jamus, Bahar Rum ta zama tarko ga jiragen ruwan Ingila. Sojan Ingila da ke Masar suna bukatar jiragen yaƙi, ga shi kewaya ta Afirka ta Kudu na cin makonni. Sai aka koma ga wata hanya da jiragen Ingila suka fara gwadawa tun 1925, lokacin da uku suka taso daga Masar suka sauka Kano. Ana kawo jirage cikin akwatuna zuwa tashar ruwan Takoradi a Gana ta yau, a harhaɗa su, su tashi zuwa Legas, Kano, Maiduguri, Fallomi, Janaina, Fashir, Khartum, har Alƙahira. Ayarin farko ya tashi a Satumba 1940, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya.

Duk wanda ya san tarihin alhazan ƙasa zai gane waɗannan zanguna. Su ne dai waɗanda Hausawa ke bi a ƙafa da jakuna zuwa Makka, tafiyar da kan ci shekaru, har wasu suka zaune a Sudan. Jirgi kuwa kwanaki kaɗan yake yi.

Siyasa ita ta tsara inda hanyar ta bi. Nijar a lokacin tana hannun gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus, don haka matuƙa kan kiyayi samanta. Chadi kuwa gwamnanta Félix Éboué ya bi Janar de Gaulle a watan Agusta 1940. Ba don wannan shawara tasa ba, da hanyar ta yanke a tsakiya. Jamusawa sun san haka, shi ya sa a Janairu 1942 wani jirginsu guda ya ratso Sahara ya jefa bama-bamai a filin Fallomi, ya ƙone man da aka tara.

Amurka ta shigo ne a hankali. A watan Mayu 1941 ta kafa ƙaramar runduna mai kai wa Ingila sababbin jirage, kuma a wannan shekara kamfanin Pan American ya karɓi aikin gyara filaye daga Akra zuwa Khartum. Bayan Amurka ta shiga yaƙin, aka faɗaɗa rundunar a Yuni 1942, aka sa mata suna ATC a ƙarƙashin Janar Harold George. Mataimakinsa C. R. Smith shugaban kamfanin American Airlines ne da aka sa wa kaki, domin sojan ba su san sana'ar jigila kamar 'yan kasuwa ba. Kafin ƙarshen 1942 rundunar ta karɓi aikin Afirka daga Pan American, hedkwatar reshen tana Akra. Jirage kan taso daga Florida, su bi ta Brazil, su sha mai a tsibirin Ascension, su faɗo Akra, daga nan Kano da Maiduguri, wasu su nufi Masar, wasu Indiya.

Can Indiya ne rundunar ta ɗanɗana kuɗarta. Japan ta toshe hanyar Bama, ba yadda za a kai wa ƙasar Sin kaya sai ta saman duwatsun Himalaya. An kai kimanin tan 650,000, amma jirage kusan 600 suka salwanta, galibi saboda hazo, ƙanƙara da iska. Janar William Tunner, wanda ya karɓi aikin a 1944, shi ya kawo tsari: kowane jirgi da lokacin tashinsa da lokacin gyaransa. A 1948 aka haɗe ATC da takwararta ta sojan ruwa, kuma Tunner ɗin ne ya jagoranci ciyar da birnin Berlin ta sama lokacin da Rasha ta rufe hanyoyinsa.

Littattafan da suka rubuta wannan tarihi sun ajiye sunayen janar-janar da lambar kowane jirgi. Amma filin sauka ba ya share kansa. Leburori ne 'yan ƙasa suka sassabe daji, suka fasa dutse, suka mirgina gangunan mai da jirgin ƙasa ya kawo Kano, suka loda wa motoci zuwa Maiduguri, inda dogo bai kai ba tukuna. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma a rubuce an kira su da adadi kawai.

A ganina wannan gurbi mu ya rataya a wuya. Waɗanda suka yi aikin sun kusa ƙarewa, sai 'ya'yansu da suka ji labari daga bakinsu a Fagge, a Maiduguri, a zangunan Akra da Sekondi. Marubutanmu su je su zauna da su, su rubuta abin da ya saura tun kafin su ma su tafi.