Ƙafar Mota da Ramukanta a Kasuwar Jidda

Kafin Sarki Abdul'aziz ya shiga Jidda a ƙarshen shekarar 1925, alhajin da ya taso daga Kano ko Sakkwato, ya ratsa Barno da Wadai da Darfur a ƙasa, yana tafe yana ƙwadago har Allah ya kai shi Sawakin, sa'an nan ya haye Bahar Maliya, in ya sauka a gaɓar wannan birni, abin da ya rage masa shi ne tafiyar kamar kilomita 75 zuwa Makka, mai hali bisa raƙumi, talaka bisa duga-dugansa, a yada zango a Bahra kana a ƙarasa. Ba a jima ba mota ta soma karɓe hanyar daga hannun masu raƙuma, cikin waɗanda suka hango riba a al'amarin tun da wuri kuwa har da Baturen nan na Ingila, Philby, wanda ya zauna a Jidda, ya musulunta a 1930 ya ɗauki sunan Abdullahi, kamfaninsa kuma ya riƙe wakilcin motocin Ford. Da aka rushe ganuwar birnin a 1947, gari ya bazu ko'ina, sai mota ta kusa zama wajibi a kan duk magidancin da ke da iko.

Jidda gari ne na tasha, abin da jirgi ya kawo shi take karɓa, saboda haka motocinta ba su fito daga gida ɗaya ba. Na Amurka ne suka fara cin kasuwa, su Ford da Chevrolet. Abdul Latif Jameel, wanda ya soma da gidan mai a 1945, ya yi odar Toyota huɗu daga Japan a 1955. Gidan Juffali ya sami wakilcin Mercedes a 1959. Da kuɗin fetur ya kwararo bayan 1973 kuwa, jiragen kaya har layi suke yi a bakin tasha suna jiran a sauke su. Kowace ƙasa daga cikin waɗannan ta zo da mazhabarta game da yadda ake ɗaure ƙafa a jikin mota, kuma daga wannan saɓani ne sana'ar adafta da za mu yi magana a kanta ta samo asali.

Bayanin mas'alar shi ne, wili, wato ƙarfen da taya ke hawa kansa, yana da ramuka da aka jera bisa da'ira, ana kuwa gane shi da abu biyu: adadin ramukan da faɗin da'irar. Amurkawa da inci suke awo. Ford ya koma ramuka biyar bisa inci huɗu da rabi a ƙananan motocinsa daga 1949, Chevrolet ya ɗauki biyar bisa inci huɗu da rubu'i uku, ya bar wa motocinsa na ɗaukar kaya shida bisa inci biyar da rabi. Japanawa, ko da yake da milimita suke aiki, sun gaji biyu daga cikin waɗannan ma'aunai, shi ya sa har yau za ka ji ana cewa ƙafar Camry 114.3 ce, ta Patrol kuma 139.7, lambobi masu ɓurɓushi waɗanda ba kowa ya san cewa inci ne aka juya ba. Jamusawa suka bi tafarkinsu, Mercedes 112, BMW shekara da shekaru 120, suka kuma fi son ƙusa mai kai da ake murɗawa cikin cibiya, wato inda wili ke hawa a jikin mota, maimakon noti da ke hawa kan ƙusar da ke dashe.

Da a ce kowane kamfani ya dawwama a kan awonsa, da abin ya zo da sauƙi. Caprice ta Chevrolet, wadda mutanen Hijaz suka riƙe kamar 'yar gida, wadda aka ƙera a Amurka daga 1991 zuwa 1996 ramukanta biyar ne bisa 127. Wadda ta gaje ta daga 1999, ƙirar kamfanin Holden na Ostireliya, bisa 120 take, suna ɗaya, ƙafa dabam. Land Cruiser ta Toyota ta yi zamani mai tsawo da ramuka shida, sai a 1998 sabon samfurinta ya zo da biyar bisa 150, aka zauna haka shekara ashirin da 'yan kai, a 2021 kuma kamfanin ya koma wa shida. Mutumin da ya kashe dukiya a kan wili huɗu masu kyau, ya sayar da tsohuwar motarsa ya sayi ƙanwarta daga gida ɗaya, sai ya tarar kayansa sun zama tarkace a lungu.

Maganin mutanen da shi ne haƙuri da yawo. A je tashalih, wato maƙabartar motocin da suka yi hatsari ko suka tsufa, wadda ta Jidda ta shahara a Buraiman, gabas da birni, kamar yadda Bakano kan nufi Ƙofar Ruwa. A bi shago shago da tsohon wili a hannu ana gwadawa har a dace da ɗan'uwansa. Wanda ya ƙosa ya kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe su huda masa sababbin ramuka a tsakanin tsofaffi. Wanda ya fi kowa ganganci kuma shi ne mai cewa bambancin 112 da 114.3 bai taka kara ya karya ba, ya tura wili da ƙarfi, ya danne da sifana, ƙusoshi su lanƙwashe kaɗan yadda ido ba ya gani, su yi ta gajiya a ɓoye har ranar da za su karye. Adafta ta zo ne daga baya, lokacin da wilin alminiyam na ado ya yawaita, samari suka fara sha'awar ƙafar wata mota a jikin tasu. Faifai ce ta ƙarfe ko alminiyam, kaurinta galibi milimita 20 zuwa 30, ana ɗaure ta a cibiya da awon motar, ita kuma tana ɗauke da nata ƙusoshin bisa awon baƙon wili.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa adafta ta fi hujin ganganci da turin ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma wadda aka sassaƙo daga tataccen dunƙulen alminiyam, aka auna bakinta ya zauna daram a kan leɓen cibiya, takan yi shekaru ba ta ba da kunya ba. Amma akwai illoli uku da ba sa rabuwa da ita kome ingancinta. Ƙafar mota ba a kan ƙusoshi take rataye ba. Matsewar da notuna ke yi ce ke manne wili da cibiya har su zama tamkar abu ɗaya, to adafta ta mai da mahaɗa ɗaya biyu, notuna biyar sun zama goma, rabinsu kuwa suna ɓoye a bayan wili, inda direba ba zai gan su ba, mai faci ma ba zai taɓa su ba sai ya cire ƙafa. Sa'an nan kaurinta yana tura taya waje, nauyin mota ya sauka nesa da inda maƙeri ya nufa, boris ya ɗauki wahalar da ba a yi shi dominta ba, sitiyari ya sake hali, wani lokaci taya ta riƙa gogar jiki in an ɗora kaya. Ta uku, in bakin faifan ya fi leɓen cibiya faɗi, ƙafa ba za ta zauna a tsakiya sosai ba, mota ta riƙa rawa in an kai wani gudu, rawar nan kuwa ita ke kwance noti sannu a hankali.

Ƙasar Jidda tana ƙara wa waɗannan illoli nauyi. Iskar teku mai gishiri da laima tana cin mahaɗar alminiyam da baƙin ƙarfe, zafin bazara kuma kan haura digiri 40, ga hanyar Madina mai fiye da kilomita 400 wadda ba ta hana gudu, ga hawan Hada zuwa Ɗa'ifa inda birki ke gasa cibiya a gangara. Alminiyam ya fi ƙarfe buɗewa in ya ji wuta, sai matsewa ta riƙa ƙaruwa tana raguwa. Masu tuna tarihi sun san cewa a 1999, shekara guda kafin a janye tayoyin Firestone a Amurka, kamfanin Ford ya riga ya sauya su a motocin Explorer da ke Saudiyya, domin hamada ta tona aibin da sauran ƙasashe ba su gama ganewa ba.

A zamanin da, muhtasibi ne ke zaga kasuwa yana duba mudu da sikeli. Magajinsa a wannan fanni shi ne hukumar ma'aunai ta Saudiyya da aka kafa a 1972, da duban motoci na lokaci lokaci da aka soma a 1986; Jamusawa ma ba sa barin irin wannan faifai ya hau titi sai da takardar shaidar gwaji. Sai dai mai duba mota na mintoci kaɗan ba ya kwance ƙafa, don haka amanar tana komawa wuyan bakanike da mai mota. A ganina hukuncin adafta hukuncin rangwame ne saboda larura: mai tsohuwar mota da wilinta ya ɓace daga kasuwa yana da uzuri, mai neman ado kawai uzurinsa rarrauna ne, motar da ke ɗaukar alhazai ko kaya masu nauyi kuwa ban ga hujjar kusantarta ba. Bakaniken ƙwarai yakan goge fuskar cibiya daga tsatsa, ya tabbata tsofaffin ƙusoshi ba su leƙo sun tokare bayan wili ba, ya matse da sifana mai awo maimakon bindigar iska, sa'an nan ya shardanta wa mai mota ya dawo bayan kamar kilomita 100 a cire ƙafafun huɗu a sake gwada notunan ciki.