Yadda ake kwance notin da ya cije a shokar bayan keke

Kekunan gwanjo masu shoka a baya, irin waɗanda aka ƙera don hawan duwatsu, sun yawaita a hannun matasa a nan Gombe, daga Pantami har Jekadafari. Matsalar da na fi gani a wajen masu gyara ita ce notin da ke riƙe da shoka da hannuwan da ke motsa tayar baya ya cije, ya ƙi kwantuwa. Ku 'yan uwa da ke Agege, Idi-Araba, Sabon Ibadan da Fatakwal abin ya fi cin ku, saboda yawan ruwan sama da laima, ga kuma iskar teku mai gishiri a Legas. Asarar ba ƙarama ba ce: idan ramin noti ya lalace a jikin keken, to keken gaba ɗaya ne ya tashi aiki, don da wuya a samu kayan irinsa a kasuwa.

Me ke sa ya cije?

Abu uku ne. Na farko tsatsa, musamman inda ƙarfe ya haɗu da alminiyam: ruwa na shiga, sai wani farin gari ya fito ya manne su. Na biyu, kamfanoni kan shafa wa notin wani gam mai launin shuɗi, irin Loctite, don kada girgiza ta kwance shi. Na uku, nauyin keken da ƙarfin shoka na danne notin.

Matakan kwancewa

Mu da muka tashi a kasuwar shanu ta Tike mun san ba a jan bijimi mai gardama da ƙarfi, lallaɓa shi ake yi. Haka noti yake.

1. Rataye keken, ka tallafe tayar baya yadda nauyi zai sauka daga kan notin. In shokar mai iska ce, ka sace iskar.

2. Duba kan notin da kyau. Wasu suna da ƙaramin noti a ciki da sai an fara cire shi, wasu kuma ta baibai ake kwance su, akan zana kibiya a kai.

3. Ƙwaƙule dattin ramin da allura. Yawancinsu alanki mai lamba 5, 6 ko 8 suke ci. Ka tabbata ya zauna har ƙasa, ka riƙe ɗaya gefen da wani alankin ko sifana.

4. Fesa WD-40, in babu ka ɗiga kananzir, ka bar shi ya kwana. Kada ka zuba man birki, yana cin fenti.

5. Sa alankin a ramin ka ɗan bubbuga da guduma don tsatsar ta saki. Sai ka ɗaure kaɗan, ka kwance kaɗan, kana maimaitawa.

6. In ya ƙi, a ɗumama wurin. Zafi na sassauta gam, kuma alminiyam ya ninka ƙarfe buɗewa kusan sau biyu. Tafasasshen ruwa ko na'urar busar da gashi ya wadatar. Kul! Kada wuta ta kusanci shokar kanta, akwai mai da matsattsen gas a ciki, tana iya fashewa. Keken kabon kuwa, ko kusa.

In ramin ya riga ya cinye

Ka samo kan Torx, mai siffar tauraro, wanda ya ɗan fi ramin girma, ka doka shi ciki ya kama. In notin na ƙarfe ne, mai walda zai iya liƙa masa wani noti a kai, bayan an cire shoka. Huda shi da inji shi ne matakin ƙarshe, kuma aikin gwani ne, ba na yaron shago ba.

'Yan acaba masu Bajaj da Jincheng ma wannan tsarin zai yi musu aiki a notin shoka da dogon notin da ke riƙe da ƙafar baya.

Wajen mayarwa, a wanke notin, a shafa giris a jikin sandarsa, a ɗaure daidai lambar da aka rubuta a kai, in akwai. Ni dai shawarata, a kwance a sake shafawa kafin damina da kuma bayanta. Allah Ya tsare mana abin hawanmu.