Turke, Tinya da Dawakin Mayo-Oulo

A Mayo-Oulo, a arewacin Kamaru, ba a sakin dokin kirki ya yi kiwo shi kaɗai. Yana ɗaure a turke, a kawo masa ƙyasuwa da damina, a ba shi harawa da dusa da kanwa da rani. Kakana ya daɗe yana yanko wa dawakin wani bafade ciyawa, kuma a bakinsa na ji cewa wannan al'ada ba gata ba ce kawai. Tsaro ce, don dajin nan cike yake da abin da ke kashe doki.

Tarihi ya gaskata shi. Bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wajen 1809, mahayan Fulani suka bazu a ƙasar Fombina, lamidoji suka kafu a Garwa da Gidar da kewaye. Ƙabilar Fali da maƙwabtansu, da ba su da rundunar dawaki, suka riƙe duwatsu irin Peske-Bori, suka mai da itatuwa makamai. Akan kewaye ƙauye da dashi da sarƙaƙiya da tinya. Farin ruwan tinya in ya shiga idon doki ko na mahayi, ƙuna ce mai iya kaiwa ga makanta. Kibiya kuma a shafe ta da dafin kwankwani, mai tsayar da zuciya. Masanin Faransa Christian Seignobos ya bi sawun irin waɗannan ganuwowi na itace a arewacin Kamaru da Cadi, ya wallafa bincikensa a 1980.

Amma tinya ba ta yaudarar dabba, ɗacinta da zafinta sun isa gargaɗi. Abin tsoro shi ne samberu da 'yar'uwarsa gwaska ta bakin rafi, wadda a da ake jiƙa ɓawonta a shayar da wanda ake zargi da maita ko sata. Dafinsu a zuciya yake aiki. Da bazara, lokacin da ciyawa ta ƙare, sabon ganyensu kan yi kore shar, dabbar da yunwa ta ci ƙarfinta kuwa ba ta zaɓe. Likita J. M. Dalziel ya tattara sunayen itatuwan Hausa a littafinsa na 1916, amma tun kafin shi masu barga sun haddace su.

Wani haɗarin kusa da gida yake. Ƙwayar zurma doki ya fi yawancin dabbobi saurin mutuwa da ita. 'Ya'yan bini-da-zugu na shinge su ma dafi ne. Gyauron dawa da fari ya kama yana tara guba a ganyensa. Shi ya sa kakana ba ya zuba ciyawa sai ya warware damin ya tsince shi da hannu.

Yau babur ya karɓe aikin doki, sai ranar hawan salla ake tunawa da shi. Masu yankan ciyawa na gado suna ƙarewa, aikin ya koma hannun yaran da ba wanda ya nuna musu samberu. Wannan yana damuna ƙwarai. Duk mai doki a ƙasar nan ya ɗauki yaron bargarsa, su bi wani dattijo daji kafin bazara, ya nuna musu itatuwan nan ɗaya bayan ɗaya da sunayensu.