Daga Katambiri Zuwa Fandeshin: Tarihin Kwalliyar Fuska A Daura

Duk wanda ya taɓa halartar Sallar Gani a Daura ya san cewa bayan dawakai da mahaya, akwai wani kallon a gefen hanya, wato kwalliyar mata. A nan ne za ka ga yarinya baƙa kyakkyawa, wuyanta da hannuwanta launi ɗaya, amma fuskar ta yi fari fat sai ka ce ta faɗa buhun fulawa. To, mai karatu, wannan matsala ba ta daɗe ba.

Kakanninmu mata a ƙasar Daura ba su san wahalar neman kalar da ta dace da fata ba, domin kayan adonsu ba na rufe fata ba ne. Kwalli ake rambaɗawa a ido. Katambiri, wanda daga 'ya'yan itace ake samun baƙin ruwansa, da shi ake zane a goshi da kumatu. Fure da goro su rina haƙora, lalle ya kama hannu da ƙafa, shuni ya hau kitso, man shanu ko na kaɗanya ya sa jiki sheƙi. Ko mace fara ce, ko baƙa, ko wankan tarwaɗa, duk kayan ɗaya ne, kuma kowacce launinta na fitowa.

Hoda ce ta zo da rigima. Kayan shafe-shafen da suka shigo kasuwanninmu ta hannun 'yan koli, tun asali don fatar Turawa aka yi su. Ita kanta fankeke da matanmu ke faɗa, sunan ya samo asali ne daga Pan-Cake, wadda kamfanin Max Factor na Amurka ya ƙirƙiro wajen 1937 saboda 'yan wasan Holiwud, lokacin da finafinai masu kala suka fara tona asirin tsohuwar kwalliya. Su ma baƙaƙen Amurka sun sha wannan wuya. Sai a 1973 Eunice Johnson ta kafa Fashion Fair, bayan ta lura cewa 'yan matan da ke tallar kaya a wasanninta sai sun haɗa kala biyu ko uku kafin su dace. Iman, 'yar asalin Somaliya, ta fito da nata a 1994, ita kuwa Rihanna ta girgiza kasuwa a 2017 da kala 40 a tashi ɗaya.

Amma a ganina ba Turawa kaɗai ke da laifi ba. Finafinan Indiya sun daɗe suna koya mana cewa jaruma fara ce. Marubutanmu na littattafan soyayya suka ɗauka: da wuya ka buɗe littafi ba ka ci karo da "fara sol mai dogon hanci" ba. Da fim ɗin Hausa ya kankama bayan Turmin Danya a 1990, sai abin ya koma kan kaset. Ku tuna finafinan farkon shekarun 2000, inda 'yar wasa ke yi wa kanta kwalliya a lokeshin, fitila ta haske ta, fuska ta yi toka-toka, wuya kuma yana nan da baƙinsa. Yarinyar da ke kallo a Zango ko Mai'aduwa sai ta ɗauka haka gayu yake.

Daga nan ne wasu suka ga maimakon a nemo hodar da ta dace da fata, gara a sauya fatar. Bilicin kenan, wanda ya kai hukumar NAFDAC ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa a 2023. Mai bilicin kuwa ta fi kowa shan wahalar zaɓen kala, don fuska daban, wuya daban, gaɓoɓin yatsu daban.

Masu sana'ar kwalliyar amare na yanzu sun koyi darasi. Ba a bayan hannu suke gwada fandeshin ba, a muƙamuƙi ne, inda fuska ta haɗu da wuya. Sukan ɗiga kala biyu ko uku, su fita da amarya hasken rana, su ɗan jira, saboda wata kalar takan ƙara duhu idan ta haɗu da maiƙon fuska. Wadda ta ɓace a jikin fata ita ake ɗauka. Kuma wadda ta yi daidai da hunturu ba lalle ta yi a watan Afrilu ba, lokacin da ranar Daura ta gama gasa mutum.