Gawo da Malamin Daji: Tarihin Tsaron Itace a Ƙasar Gobir

Sabon Birni da Isa suna cikin yankin da Gobirawa suka sake tsara zamansu bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, kuma arzikinsu ya dogara ne a kan fadamun Gulbin Rima da rassansa, da kuma jigawar da ake noman gero da wake. Kafin zuwan Turawa babu wanda ake biya albashi domin ya tsare itace a wannan ƙasa, domin manomi da kansa ke barin gawo a gonarsa, sanin cewa yana kaɗe ganyensa da damina, ba ya rufe wa gero rana, ganyen ya zama taki, sannan 'ya'yansa su ciyar da dabbobi da rani lokacin da ciyawa ta ƙare. Abin da masana ke kira ɗorewa a yau, wato cin moriyar ƙasa ta yadda na baya za su tarar da ita da rai, yana cikin lissafin gona tun wancan zamani.

Mulkin mallaka ne ya mayar da wannan kulawa aikin gwamnati. Dokar gandun daji ta 1916 a Nijeriya ta buɗe hanyar keɓe dazuzzuka, daga baya En'e ta ɗauki malaman daji, yayin da a ƙetaren iyaka dokar Faransa ta 1935 ta sa wasu itatuwa a hannun hukuma ko da a gonar mutum suke. Sakamakon bai yi kyau ba, domin ma'aikaci ya ɗauki aikinsa a matsayin kamu da cin tara, manomi kuwa ya gane cewa tsiron da ya bari zai iya jawo masa hukunci, saboda haka ya riƙa sare shi tun yana ƙarami a lokacin sassabe.

Farin 1972 zuwa 1974 da na 1984 sun sa hukumomi suka duƙufa wajen renon irin dogonyaro da dasa shi layi-layi domin tare iska da rairayi. A wannan zamani ne ma'aikacin jami'a ya shigo cikin lamarin, bayan an kafa Jami'ar Sakkwato a 1975, wadda yanzu ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda cibiyar binciken makamashi ta ƙera murhu mai tsimin itace da na'urorin girki da busar da amfanin gona da hasken rana. Aiki ne mai daraja, amma rauninsa ɗaya ne da na sauran ofisoshi: sau da yawa ana kallonsa a matsayin shiri mai zuwa da kuɗinsa ya tafi da kuɗinsa, ta yadda za a yi bikin dashe da damina, rani ya zo babu mai ban ruwa, awaki su cinye abin da ya rage.

A Maraɗi aka ga wata hanya dabam. Tun daga 1983 Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostareliya, da manoman yankin suka koma ga kututturen da ke raye a ƙarƙashin ƙasa, inda manomi zai zaɓi tsiro biyu ko uku mafi ƙarfi ya aske sauran, abin da ake kira sassaben zamani. Da ma'aikata suka sassauta tara, kuma dokar daji ta Nijar ta 2004 ta ƙara wa mazauna karkara iko, an kiyasta cewa kusan hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar. Gobirawan Tsibiri da ke yankin Maraɗi 'yan'uwan na Sabon Birni ne, ƙasarsu iri ɗaya ce, saboda haka babu abin da zai hana wannan dabara aiki a nan. Sai dai rashin tsaron da 'yan bindiga suka jawo a 'yan shekarun nan ya hana malamin daji da mai bincike shiga ƙauyuka, kuma manoma da yawa sun bar gonakinsu na nesa.