Amsoshin Tambayoyinku: Bajon Soja Ne Ko Na Ma'aikacin Jirgin Ruwa?

 Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi mai saurarenmu. Ya ce ya buɗe akwatin marigayi kakansa, ya tarar da baƙar kwat mai maɓallan tagulla da bajon hula mai hoton wata ƙugiya. Mutanen gari sun ce ai tsohon sojan Bama ne, 'yan gwangwan kuma suna ta yi wa kayan kuɗi. Yana so ya san ko na mene ne kafin ya yanke shawara.

To malam, mun gode da wannan takarda. Da farko dai kada ka yi gaggawar sayarwa. Ba duk mai kayan sarki ne soja ba, kuma bajo yana magana in ka san yadda ake saurarensa.

Bari mu fara da na soja, tun da shi aka fi samu a gidajenmu. A 1897 Turawan Ingila suka kafa rundunar Afirka ta Yamma a ƙarƙashin Lugga, a 1928 kuma aka ƙara mata laƙabin sarauta, ta zama R.W.A.F.F. Bajonta bishiyar kwakwa ce a tsaye, da waɗannan haruffa a gindinta. A lokacin Yaƙin Hitila an kai runduna biyu ƙasar Bama, kowace da alamar ƙyalle da ake ɗinkawa a kafaɗa. Runduna ta 81 baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya. Runduna ta 82 kuwa māsu biyu ne a gicciye cikin gammo, saboda a ka aka riƙa ɗaukar kayan yaƙi a dazukan da mota ba ta shiga. In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, to lalle mai kayan soja ne.

Amma ƙugiyar da ka kwatanta, sunanta anga, wato ƙarfen da ake jefawa cikin teku don tsayar da jirgi. Ita alamar mutanen ruwa ce. Su ma kashi biyu ne: sojan ruwa, da ma'aikatan jiragen fatauci, waɗanda farar hula ne masu ɗaukar albashin kamfani.

Yanzu za ka ce, me ya haɗa mutumin ƙasarmu da teku? Gyada ce. Tun da layin dogo ya iso Kano a 1911, gyadarku da fata da auduga suka riƙa gangarawa Ikko, daga can jiragen kamfanin Elder Dempster na birnin Libaful su kwashe zuwa Ingila. Da yaƙi ya tsananta, kamfanin ya shiga ɗaukar ma'aikata a Ikko: masu zuba gawayi a tukunyar inji, masu dafa abinci, masu wanki. Aikin ba wasa ba ne. A watan Oktoba na 1942 jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya nutsar da jirginsu mai suna Abosso, mutum fiye da 300 suka halaka. Ma'aikatan jiragen fataucin Ingila da suka mutu a wannan yaƙi sun haura 30,000, alhali ba su da ko igiya ɗaya ta soja.

Ga yadda za ka rarrabe. Na ɗaya, dubi bajon. Na hafsan jirgin fatauci anga ce a kan jan ƙyalle, ganye ruwan zinariya ya kewaye ta, a sama kuma akwai kambi wanda aka yi da siffar filafilan jirgi. In kambin irin na Sarkin Ingila ne sak, ka fi zaton sojan ruwa ne. Manyan kamfanoni kuma sukan sa ƙaramar tutarsu a tsakiyar bajo maimakon anga.

Na biyu, dubi bakin hannun kwat. Zaren zinariya huɗu na kyaftin ne, uku na mataimakinsa. A kayan sojan ruwa zaren sama yakan yi zobe. A na fatauci kuwa siffar zi ce, irin ta karta. In akwai launin shunayya a tsakanin zaren, injiniya ne. Fari na mai kula da kuɗi da abinci ne, ja na likita.

Na uku, ku sani ƙananan ma'aikata ba su da yunifom a jirgin fatauci. Shi ya sa a farkon yaƙin aka ba su ɗan ƙaramin bajo fari mai haruffa M.N., da igiya ta kewaye su, suna maƙalawa a riga don kada a ɗauke su matsorata masu gudun yaƙi.

Kambi kuma yana nuna zamani. Wanda samansa ya yi tulluwa kamar an kife ƙwarya, na sarakunan da suka gabaci Sarauniya Elizabeth ne, daga 1902 zuwa 1952. Wanda samansa ya lotsa a tsakiya, nata ne, daga 1953. Sai dai Sarki Charles ya koma wa na farkon a 2022, saboda haka a dubi tsufan ƙarfen ma.

A yi hattara da abu ɗaya. Kamfanin Palm Line, wanda aka kafa a 1949, shi ma kwakwa ce alamarsa a zamaninsa, har ya taɓa mallakar jirage masu suna Kano Palm da Katsina Palm. Ganin kwakwa kaɗai bai isa a ce soja ba, sai an karanta rubutu. Haka kuma Nijeriya ta kafa nata kamfanin jiragen ruwa a 1959, da jirage irin su Dan Fodio da El Kanemi, aka rushe shi a 1995. Ba duk tsohon bajo ne na zamanin Turawa ba.

Shawararmu ita ce, kada ka goge bajon da yashi ko toka, don rubutu zai shafe. Ka nannaɗe shi a busasshen ƙyalle. Sa'an nan ka sake binciken akwatin nan. Kowane ma'aikacin jirgi yana da ɗan littafin sallama wanda ake rubuta sunansa da jiragen da ya yi wa aiki da ranakun shiga da fita. Bajo yana faɗin wanda aka yi wa aiki, takarda ce ke faɗin wanda ya yi. Ɗan gwangwan a kilo zai auna, abin da zai ba ka ba zai sayi mudun gero ba, kuma in ya shiga wuta shi ke nan, jikokinka ba su da abin nunawa.

Da fatan ka gamsu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.