Faifan da Aka Karce da Ƙusa: Reggae da Kiɗan Rawa a Afirka ta Kudu

Duk wanda ya yi wayo a ƙarshen shekarun 1980 a Kano, Kaduna ko Jos ya san muryar Lucky Dube da ta Yvonne Chaka Chaka, ko daga shagon mai kaset ko cikin motar haya. Mu kaset ne ya kawo mana su. A can ƙasarsu kuwa, waƙoƙin sun fito ne a kan faifan garmaho, baƙin faifan nan da ake ɗora wa allura, kuma kafin waƙa ta kai kunnen jama'a sai ta bi ta hannun gwamnatin wariyar launin fata.

A wancan lokaci kusan duk gidajen rediyon ƙasar suna ƙarƙashin hukumar SABC ta gwamnati. A 1960 hukumar ta buɗe Radio Bantu domin baƙar fata, aka kuma yanka shi gida-gida: tashar Zulu daban, ta Xhosa daban, ta Sotho daban. Abin da ake so shi ne kowace ƙabila ta ji nata kaɗai, kada baƙar fata su ɗauki kansu al'umma ɗaya. Mawaƙin da ya cakuɗa harsuna a waƙa guda, da wuya a sa masa ita. Kamfanonin faifai, irin su Gallo da Eric Gallo ya kafa a Johannesburg a 1926, sai sun miƙa baitocin waƙa a rubuce ga kwamitin tacewa. In kwamiti ya ƙi waƙa, a rubuta a jikin kwalin cewa a guje ta, sannan a ɗauki ƙusa ko wani abu mai tsini a karce layinta a kan faifan da ke ɗakin ajiyar tashar. Allura na isowa wurin sai ta yi tsalle. Komai ƙarfin halin mai gabatar da shiri, an riga an ɗaure masa hannu.

A wannan hali Lucky Dube ya taso. An haife shi a Ermelo ranar 3 ga Agusta, 1964, ya girma cikin talauci, har aikin lambu ya yi a gidajen Turawa yana yaro. Da kiɗan mbaqanga ya fara, cikin harshen Zulu, a ƙungiyar ɗan'uwansa Richard Siluma. Mbaqanga shi ne kiɗan da Mahlathini da Mahotella Queens suka ɗaukaka tun shekarun 1960, yana da kasuwa, kuma ya dace da tsarin rediyon gwamnati, tunda kowane faifai an san ƙabilar da za a kai wa.

Amma iskar Jamaika ta riga ta kaɗo. A watan Afrilun 1980 Bob Marley ya yi wasa a bikin 'yancin Zimbabwe, maƙwabciyarsu. A wannan shekarar dai Jimmy Cliff ya yi wasa a Soweto, a 1983 kuma Peter Tosh ya zo Swaziland. Lucky ya lura cewa duk lokacin da ya jefa waƙar reggae a tsakiyar wasa, jama'a sun fi tashi. Sai a 1984 ya fitar da ƙaramin faifan reggae mai suna Rastas Never Die. Kwafi wajen 4,000 ya sayar, alhali faifansa na mbaqanga kan kai 30,000, ga shi kuma gwamnati ta haramta shi a 1985.

Da wani ne, da ya koma inda abinci yake. Shi sai ya ƙara da Think About the Children a 1985, wannan karon ya karɓu. Slave ya biyo a 1987, Together As One a 1988, Prisoner a 1989. A ganina babban abin da ya yi shi ne zaɓen harshe. Da ya koma waƙa da Turanci a kan kiɗan da ba na kowace ƙabila ba, ba sauran akurkin da za a tura shi. Bazule ya ji, Basotho ya ji, har matasan Turawa suka ji, mu ma nan muka ji. Kuma ba siyasa kaɗai yake waƙa ba. Slave a kan bautar giya take, yadda take rusa gida, daga bakin mutumin da shi kansa ba ya sha, ba ya busawa. A 1991 ya hau dandalin Reggae Sunsplash a Jamaika, gaban masu abin.

Ɗaya ɓangaren shi ne kiɗan rawa na unguwannin baƙar fata, mai piyanon lantarki da gangar inji, wanda aka laƙaba wa suna bubblegum, wai cingam ne, a tauna a tofar. Ban taɓa yarda da wannan raini ba. A 1983 Brenda Fassie, 'yar unguwar Langa ta Cape Town, ta fitar da Weekend Special tare da ƙungiyar Big Dudes tana 'yar shekara 19 ko ƙasa da haka, waƙar ta tsallaka teku har ta shiga jerin Billboard a Amurka a 1986. Yvonne, 'yar Dobsonville a Soweto, ta biyo da I'm in Love with a DJ, daga baya kuma Umqombothi, wadda ke magana kan giyar gargajiya ta dawa da masara, ta game nahiyar nan har aka riƙa kiran ta Gimbiyar Afirka. A tuna fa, shekarun dokar ta-ɓaci ne, 1985 da 1986, motocin sulke na yawo a lunguna, ana kame, ana jana'iza. Mutanen da ke cikin wannan hali suna da haƙƙin su yi rawa ranar Asabar, kuma wanda ya ba su abin rawar ya yi musu hidima.

Sannan a cikin cingam ɗin ma akan ɓoye saƙo. A 1987 Sello Chicco Twala ya yi We Miss You Manelow, a takarda kamar kukan rashin wata da ta bar gida, kwamiti ya bar ta ta wuce. A filin wasa kuwa sunan Mandela jama'a ke kira. Johnny Clegg da ƙungiyar Savuka, da suka ambaci sunan ƙarara a Asimbonanga a wannan shekarar, haramci suka gamu da shi. Sai da aka sako Mandela ranar 11 ga Fabrairu, 1990 kafin irin wannan ɓoyo ya zama ba dole ba, kuma a shekarar Brenda ta fito da Black President, Chicco ne ya haɗa mata.

Daga nan zamanin faifan garmaho ya fara janyewa. Kaset ya riga ya cinye kasuwar talakawa saboda arha, faifan CD ya shigo, matasan Soweto suka rage wa kiɗan house gudu suka haifi kwaito. Brenda ta sake tashe da Vulindlela a ƙarshen shekarun 1990, ta rasu ranar 9 ga Mayu, 2004. Lucky Dube kuwa 'yan fashin mota suka harbe shi a unguwar Rosettenville ta Johannesburg ranar 18 ga Oktoba, 2007, ya kai 'ya'yansa gidan ɗan'uwa, yana da shekara 43. A 2009 kotu ta yanke wa mutum uku ɗaurin rai da rai a kan kisan.